Darasi na Tara: Ciwon Faifan Ƙashin Baya da Yadda Ake Jinyarsa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana yadda ƙashin baya yake, da abin da ke faruwa idan faifansa ya tsage.
2. Bambanta ciwon da za a yi jinyarsa a gida da wanda ke buƙatar asibiti a ranar.
3. Nuna yadda ake kwanciya, da tashi, da ɗaga kaya ba tare da an cutar da baya ba.

Gabatarwa

Da wuya a shiga gida a ƙasar Hausa a rasa mai kukan baya. Manomi na yi, mai daka na yi, tela da direba ma na yi. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a faɗin duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane neman abincinsu.

Yawancin ciwon ƙugu gajiyar tsoka ce, kwana kaɗan sai ya wuce. Amma akwai wani iri da ba ya tsayawa a ƙugu, sai ya sauka cinya, ya bi sha-raɓa, wani lokaci har yatsu. Sau da yawa tushensa faifan ƙashin baya ne. Wannan ciwo yana da zafi ƙwarai, kuma tsoron da yake sa wa mutum kan kai shi ga kashe dukiya a inda babu magani. Abin da wannan darasi ke son tabbatarwa shi ne: mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa da haƙuri da motsa jiki a hankali, amma akwai 'yan alamomi da ba a yi musu haƙuri ko na kwana ɗaya.

Yadda baya yake

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an jera su ɗaya bisa ɗaya tun daga ƙeya har zuwa mazaunai. Akwai 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ya kama, 5 a ƙugu. Sauran 9 na can ƙasa, galibinsu sun manne da juna. Tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai faifai guda 23. Aikin kowane faifai irin na gammo ne: yadda gammo ke shiga tsakanin kai da tulu ya rage nauyi, haka faifai ke shiga tsakanin ƙashi da ƙashi. Shi ne kuma ke ba mutum damar sunkuyawa da waiwaye.

Faifai kashi biyu ne. Gefensa zobe ne mai tauri, tsakiyarsa kuwa abu ne mai taushi da danƙo, mai ruwa-ruwa. A bayan faifan akwai kogon da laka ta bi ta cikinsa, kuma daga nan ne jijiyoyin ji da motsi ke fita dama da hagu. Waɗanda suka fita daga ƙugu su ne suka haɗu suka zama jijiya mafi girma a jikin ɗan Adam, wadda ta ratsa ɗuwawu ta sauka bayan cinya har ƙafa.

Abin da ke faruwa

Yayin da shekaru ke tafiya, ruwan faifai na raguwa, zoben gefensa kuma na yin 'yan tsage-tsage. Ranar da mutum ya sunkuya da nauyi ya murɗa ƙugu, ko ma ya yi atishawa mai ƙarfi, sai abin da ke tsakiya ya sami kafa ya ɓullo. Idan ya taɓa jijiya, sai ya matse ta, ya kuma sa ta kumbura. Wannan kumburi shi ne babban abin da ke kawo raɗaɗi.

Mutane kan ce "ƙashina ya goce", amma babu ƙashin da ya bar mazauninsa. Faifan ma manne yake da ƙasusuwan sama da ƙasa, cikinsa ne kawai ya ɓullo. Saboda haka babu abin da hannu zai danna daga waje ya koma.

Ciwon ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, wato lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa da ɗawainiyar iyali. Ya fi yawa ga maza. Kusan 9 cikin 10 na wanda ke faruwa a ƙugu, a faifai biyun ƙarshe yake, domin nan ne nauyin jiki ke taruwa. Yana iya faruwa a wuya, sai zafin ya sauka kafaɗa da hannu. Abubuwan da ke ƙara kawo shi sun haɗa da ɗaukar kaya mai nauyi kullum, da daɗewa a zaune musamman kan abin hawa mai jijjiga, da ƙiba, da shan taba, da gado.

Alamominsa

Mu ɗauki ɗan dako a kasuwar hatsi. Ya sunkuya zai ɗaga buhun masara, ƙafafunsa a miƙe, ya fizgo buhun ya juya zai aza a mota. Sai ya ji wani abu ya tsira masa a ƙugu. Ya daure ya ƙarasa aikin yini. Da asuba ya kasa sunkuyawa ya wanke ƙafa a alwala. Bayan kwana uku ƙugun ya ɗan lafa, amma zafi ya koma ɗuwawun hagu, yana bin bayan cinya har idon sawu. In ya yi tari sai ya ji har tafin ƙafa. Zama kan benci ya gagare shi, tsayuwa ko 'yar tafiya ta fi masa sauƙi, kuma in yana tafiya sai ya karkata gefe guda.

Wannan ita ce kamar ciwon: zafi a ƙafa ɗaya wanda sau da yawa ya fi na bayan, yana ƙaruwa da zama da sunkuyo da tari da yunƙurin bayan gida. Wasu kan ji ƙafar ta sage, ko tana tsira musu, ko ƙarfinta ya ragu.

Alamun da ba a jira da su

A haddace waɗannan. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a kai shi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba mutum bai sani ba.
2. Bayan gida yana kufce masa.
3. Ji ya mutu tsakanin cinyoyi da al'aura da dubura, har in yana tsarki ba ya jin taɓawar ruwa ko ta hannunsa.
4. Zafi ko rashin ƙarfi ya kama ƙafafu biyu.
5. Ƙafa tana ƙara mutuwa kullum, yatsu na jan ƙasa, takalmi na suɓucewa bai ji ba.

Waɗannan na iya nuna cewa an matse tarin jijiyoyin da ke kula da mafitsara da dubura da ƙafafu. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru, tiyatar gaggawa ce maganinsa. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da yoyon fitsari ko shanyewar ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. Kunya kan hana mutane faɗin irin waɗannan alamomi, musamman mata da dattawa. A faɗa wa likita kai tsaye, domin babu kunya a neman lafiya.

Akwai kuma ciwon bayan da ba na faifai ba ne. Idan ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ko kuma wani ƙullutu ya fito a gadon baya, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Wannan cuta tana nan a ƙasashenmu, kuma tana warkewa da magani in an gano ta da wuri. Haka nan wanda ya faɗo daga bishiya ko ya yi hatsarin mota, da mai sikila, da wanda ya taɓa yin ciwon daji, da dattijon da ciwon baya ke hana shi barci, duk su ga likita ba da ɓata lokaci ba.

A gaban likita

Likita zai fara da tambaya: ina zafin ya fara, ina ya tsaya, me ke tayar da shi. Sai ya kwantar da mara lafiya rigingine, ya kama diddigensa ya ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali, yana cewa, "Baba, in ka ji ya tsira maka ka faɗa mini." Idan zafin ya gangara ƙasa da gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa ba, alama ce ta cewa jijiya ta takura. Zai kuma sa shi ya yi tafiya da diddige, ya yi da kan yatsu, ya ɗaga babban yatsa yana danne masa. Da waɗannan kaɗai ƙwararren likita kan gane jijiyar da abin ya shafa.

Hoton ƙashi na eksire ba ya nuna faifai, ƙashi kawai yake nunawa. Hoton MRI ne ke nuna faifai da jijiya, amma yana da tsada, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba. In babu alamun haɗari, likitoci kan jira mako 4 zuwa 6. Dalili kuwa shi ne hoto na iya tsoratar da mutum a banza. A shekarar 1994 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, sai aka ga fiye da rabinsu faifansu ya ɗan kumburo. Ke nan abin da hoto ya nuna ba lallai shi ne ke yi wa mutum ciwo ba. Likita na haɗa hoto da abin da ya gani a jikin mara lafiya kafin ya yanke hukunci.

Jinya a gida

Kusan mutum 9 cikin 10 suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, yawanci cikin mako 6 zuwa 12. Kumburin jijiya kan sace, kuma sau da yawa jiki da kansa yake tsotse abin da ya ɓullo. Aikin mai jinya shi ne ya ba jiki wannan lokaci, kada ya ƙara masa rauni.

Abu na farko, kada a daɗe a kwance. A da likitoci kan ce a kwanta makonni, amma an gano cewa doguwar kwanciya na kashe tsoka, ta sandarar da baya, ta jinkirta waraka. In zafi ya yi tsanani a huta kwana ɗaya ko biyu, sannan a tashi. A fara da zagaya tsakar gida na minti 5, sau uku ko huɗu a yini. In an ga dama-dama a ƙara zuwa ƙofar gida, zuwa masallacin unguwa, zuwa bakin kasuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wajen kwanciya, wanda ya kwanta a gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, wanda ya kwanta rigingine ya sa shi ƙarƙashin gwiwoyi. Katifar da ta lotsa ba ta dace ba. Wajen tashi kuwa kada a yunƙuro kai tsaye. A mirgina gefe tukuna, a sauko da ƙafafu biyu daga gado, a dafa da hannu a tura jiki sama, a ɗan zauna, sannan a miƙe. Mai kwana a tabarma ya mirgina ya durƙusa kan gwiwoyi da hannaye, ya dafa bango ko kujera ya tashi.

Zama shi ne babban abokin gaban wannan ciwo, musamman kan 'yar kujerar tsakar gida ko a ƙasa da ƙafafu a miƙe. A zauna kan kujera mai majingina, a naɗe zane a sa a ƙugu, a riƙa tashi kowane rabin awa. Gashi da tsumma da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana sassauta tsoka. Mai ciwon sukari, da wanda jin fatarsa ya ragu, su sa wani ya taɓa musu ruwan tukuna don kada su ƙone.

Game da salla, addini ya yi sauƙi. Malamai sun yi bayani cewa wanda tsayuwa ko ruku'u ko sujada ke cutar da shi yana iya yin salla a zaune, in ya kasa ya yi a kwance. Kada mutum ya tilasta wa bayansa don gudun maganar jama'a.

Likitan gashin ƙashi yana da babban amfani a nan, domin shi ke koya wa mutum motsin da ya dace da ciwonsa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi koyarwa shi ne a kwanta rub-da-ciki, a ɗago ƙirji a dogara kan gwiwoyin hannu na ɗan lokaci. Ga ma'aunin da ake bi a kowane motsi: in zafin yana barin ƙafa yana komawa ƙugu, ana kan hanya, in yana ƙara gangarawa ƙasa, a daina.

Magunguna

Maganin kashe zafi ba ya ɗinke faifai. Amfaninsa shi ne ya ba mutum damar barci da motsi har jiki ya gyara kansa. Farasitamol na ɗan taimaka wa wasu, amma kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 cikin awa 24. Aibufurofen da dikulofenak suna rage kumburi, sai dai a sha su bayan cin abinci, na ɗan lokaci, kuma kada a haɗa biyun. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita.

A guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. Sau da yawa akwai masu cin ciki da ƙoda a ciki, da masu kumbura fuska su tayar da sukari. A guji tiramadol in ba likita ne ya rubuta ba. Matasa da dama sun fara shan sa don su daure wa aikin ƙarfi, suka wayi gari ba sa iya rabuwa da shi, ga shi yana iya jawo farfaɗiya. Idan zafin ƙafa ya ƙi lafawa, akwai allurar da ƙwararru ke yi kusa da jijiyar a asibiti, tana ba da sauƙi na 'yan makonni. Ba irin allurar da ake yi a shago ba ce.

Ɗori, ƙaho da sakiya

Masu ɗori da wanzamai sun daɗe suna yi wa jama'a hidima, amma wannan ciwo ba karaya ba ne, ba kuma targaɗe ba. Faifan yana can ciki, bayan fata da tsoka da ƙashi. Ƙaho da tsaga ba sa kai wa gare shi, sakiya kuwa ƙuna da gyambo take bari. Aska ɗaya ga mutane da yawa tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Taka baya da ƙafa, ko murɗa shi da ƙarfi, na iya ƙara matse jijiya. Tausa mai sauƙi ba ta da laifi. Wasu kuma kan ɗora ciwon a kan basir ko sanyi, su yi ta shan jiƙe-jiƙe masu sa zawo. Babbar illar duk waɗannan ita ce cinye lokacin da ya kamata mai alamun haɗari ya isa asibiti.

Tiyata

Tun shekarar 1934 wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa tsagewar faifai na jawo wannan zafin ƙafa, kuma cire abin da ya ɓullo na kawar da shi. A yau ana yin aikin ta 'yar ƙaramar kafa, a cire guntun da ke danne jijiya, a bar sauran faifan. Yawancin mutane kan taka ƙafarsu a ranar ko washegari.

Ana yin tiyata saboda dalili uku: alamun haɗari, ko ƙafa na ƙara mutuwa, ko zafin ƙafa mai tsanani ya wuce mako 6 zuwa 12 duk da jinya. Ta fi maganin zafin ƙafa fiye da na ƙugu. Tana kawo sauƙi da wuri, amma bayan shekara ɗaya ko biyu, waɗanda aka yi wa da waɗanda suka yi jinya kawai galibi kan zo kusan daidai. Kamar kowace tiyata tana da nata haɗarin, kuma faifan na iya sake ɓullowa ga wasu. Maganar da ake yaɗawa cewa duk wanda aka taɓa wa baya ya gurgunce ba gaskiya ba ce. Ana samun likitocin ƙashi da na laka a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Komawa aiki da rigakafi

Ba sai zafi ya ɗauke ƙaf za a koma aiki ba. A fara da mai sauƙi, a riƙa ƙarawa. Wajen ɗaga kaya, a matso dab da shi, a buɗe ƙafafu, a tsuguna da gwiwoyi baya a miƙe, a rungumo kayan jikin ciki, a tashi da ƙarfin cinyoyi. In za a juya, a juya da ƙafafu, ba da ƙugu ba. Buhun siminti kilo 50 ne, na hatsi kan kai 100. Mutum biyu su kama ba gazawa ba ce.

Mai shara ta sa wa tsintsiya doguwar ƙota. Mai wanki ta ɗora bahon a kan abu mai tudu. Mai jan ruwa ya rage girman guga. Manomi ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya dafa ƙugu ya ɗan gantsare. Direba da ɗan acaɓa da tela su riƙa sauka suna taka ƙasa. A rage ƙiba, a bar taba, a yi tafiyar ƙafa kullum.

Iyali ma na da nasu aikin. Wannan ciwo ba ya jini, ba ya kumburin da ido ke gani, shi ya sa ake zargin mai shi da lalaci ko raki. Maigida ya ɗauke wa matarsa daka da ɗiban ruwa na 'yan makonni, 'ya'ya su karɓi fartanya daga hannun mahaifinsu. Damuwa da rashin barci na ƙara zafi, kyakkyawar magana kuwa na rage shi.

Tambayoyi

1. Faifai nawa ne a ƙashin baya, kuma mene ne aikinsu?
2. Me ya sa ciwon da ke ƙugu yake sauka har ƙafa?
3. Kawo alamomi biyar da ke buƙatar asibiti a ranar.
4. Me ya sa ba a son doguwar kwanciya?
5. Su wa ya kamata su nemi izinin likita kafin su sha aibufurofen ko dikulofenak?

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya nuna yadda ake tashi daga tabarma da yadda ake ɗaga bokiti, ɗayan ya gyara masa. Sannan kowa ya rubuta ayyuka uku da yake yi kullum a sunkuye, da yadda zai sauya kowanne.

Ɗalibai, abin da kuka koya yau ba naku ba ne ku kaɗai. In kun koma gida ku karanta wa iyalinku alamun nan biyar har su zauna musu. Wanda ba shi da ko ɗaya cikinsu, ku ƙarfafa masa gwiwa ya tashi ya taka a hankali. Wanda kuka ga ɗaya a jikinsa, ku nemi mota ku kai shi babban asibiti a ranar.